Dakashin da Na Ƙi Zubarwa

Duk Kirsimeti in kun taru a tsakar gidan nan sai an tayar da tsohon zancen nan, wai Kakarku ta zo wankan jegon Ishaya, ta yi faɗa da Babanku, ta tattara kayanta ta koma ƙauye ba ta ko ɗiga wa jariri ruwa ba. Daga nan sai ku tasa Ishaya a gaba, mutum da furfura a gemu da 'ya'ya huɗu, kuna toshe hanci kuna cewa shi ya sa har yau yake wari. Ni ma nakan taya ku dariyar, don ban iya riƙe ta ba. Amma Mama, uwata, Kakar taku, ta rasu, Babanku ma ya bi ta, ba wanda ya rage da ya san yadda aka yi sai ni, kuma ba na so in bar duniya in bar wa mutumin kirki laifin da ba nasa ba. Babanku bai yi wa Mama komai ba. Ni ce na yi, da wannan bakin nawa da kuka sani.

A shekarar muna zaune a ɗaki ɗaya a gidan haya kusa da layin dogo a Kafanchan, inda in jirgi ya wuce sai kwanuka sun yi rawa a kan kanta. Babanku yana aikin kafinta, ni kuma ina shara a wani ƙaramin asibitin haihuwa na coci a bakin gari. Shara na ce. Kada wani cikinku ya tashi ranar jana'izata ya ce wa jama'a ni nas ce, don na ji autata Tabita tana faɗa wa ƙawayenta haka. Tsintsiya ce da bokiti da tsumma, sai wankin zannuwan gado. Amma ina da kunne, kuma ba na jin kunyar tambaya. Ungozomar wurin ita ce Sista Talatu, wata gajeriyar mace daga wajen Samaru Kataf, mai muryar da ake ji tun daga titi. Ba ta raina mai tsintsiya, shi ya sa har yau in na tuna ta sai na yi mata addu'a.

Wata ranar awon yara, cikina na fari yana wata bakwai, mata suka watse suka bar mini bencuna duk majina. Yaro ya shafa a hannu, ya shafa a katako, wani ma har jikin bango. Ina gogewa ina mita, bayana kamar zai tsinke, sai na ɗaga murya yadda Sista za ta ji daga teburinta.

"Wai ni Sista, da Allah yake halittar mutum, me ya gani a majina da ya ce sai ya sa ta? Ba ci ake yi ba, ba ado ba ce. Aiki kawai take ƙara mini."

Ta ajiye biro, ta leƙo ni ta saman tabarau.

"Saratu, sa harshenki ki shafa cikin kumatunki. Me kika ji?"

"Santsi, Sista."

"To taɓa bayan hannunki."

"Nan kam a bushe yake, sabulun wankinku ya gama da shi."

Sai ta ce in ajiye tsumman in zauna. Ta ce fatar waje busasshiya ce mai kauri, ƙazanta ba ta ratsa ta sai an yanke ko an ƙuje. Amma dole mutum ya ci, ya sha, ya shaƙi iska, ya ga hanya, don haka akwai wuraren da ba za a iya rufewa da irin wannan fata ba: ido, hanci, baki, maƙogwaro har zuwa huhu, hanji tun daga sama har inda abinci yake fita, da hanyar da ɗa yake biyowa. Duk waɗannan a shimfiɗe suke da wata siririyar fata mai laushi wadda ba ta bushewa, kuma yawancin cututtuka ta nan suke neman shiga. Santsin da na ji a kumatu shi ne tsaronta. Majina tana kama datti da ƙwayoyin cuta kafin su kai huhu, atishawa ta watso su waje. Hawaye yana wanke ido a kowace ƙiftawa, kuma a cikinsa akwai abin da yake kashe wasu ƙwayoyin, haka ma miyau. Ciki yana da ruwa mai tsami da yake ƙone yawancin abin da ya biyo abinci, kuma santsin nan ne ya hana ruwan cin cikin da kansa. Wanda ya fi ba ni mamaki shi ne na hanyar iska. Ta ce akwai wasu ƙananan gashi a ciki da ido ba ya gani, ba sa hutawa, suna ta turo majina sama da duk abin da ta kwaso, mu haɗiye ko mu tofar ba mu ma sani ba.

"'Yan'uwanki ne masu shara," in ji ta. "Sai dai su ba su mita, ba su kuma tsayawa gulma da mai gadi."

Na yi dariya har ɗan cikina ya harba. Sai ta nuna cikin da biro ta ci gaba. Ta ce hanjin babba yana fitar da wani abu a cikin santsin nan wanda yake riƙe ƙwayoyin cuta, ya hana su manne wa jikin hanji har su wuce da bayan gida. Jiki koyon wannan yake yi a hankali, gwargwadon cututtukan da ya gamu da su. Jariri kuwa yana faɗowa bai fara ba tukuna, hanjinsa kamar sabon ɗaki ne da ba a yi wa yaɓe ba. Nonon farko, dakashi, mai kaurin nan ruwan ɗorawa, shi ne yaɓen. Cike yake da abin da jikin uwa ya riga ya koya game da cututtukan gidanta, yana bin bakin yaro da maƙogwaronsa da hanjinsa yana shafe su, yana kuma taimaka masa ya fitar da baƙin kashin nan na farko. Ruwan da ake ɗura wa jariri a madadinsa kuwa, in ba mai tsabta ba ne, kai tsaye yake sauka inda babu mai tsaro. Nan dariyata ta ɗauke, domin na tuna wadda za ta zo ta karɓi haihuwata.

Ku manyan kun san Mama da tsufa, tana gyangyaɗi a kan kujera tana rabon gyaɗa. Ba ku san ta da ƙarfinta ba. A ƙauyenmu da ke kan hanyar Kachia, rabin mutanen garin a hannunta suka faɗo, har da Fasto da mai unguwa, kuma takan tuna musu in sun ɗaga mata murya. Ba ta shiga aji ko na kwana ɗaya ba, amma in ta ɗora tafin hannu a ciki za ta gaya miki inda kan ɗa yake, in kuma ta ga abin ya fi ƙarfinta ba ta taurin kai, sai ta ce a nemo mota. Tana da ƙa'idodi biyu da ba ta wasa da su. Na farko, dakashi datti ne. Tana da wani ɗan ƙoƙo da take tatse shi a ciki, ta jefa tururuwa; in tururuwar ta kasa fita, nono bai gyaru ba. To ina tururuwa za ta fita daga abu mai danƙo haka? Sai a zubar a bayan rumbu, kwana uku in namiji ne, huɗu in mace ce, ana ba jariri ruwan ɗumi da ɗan saƙe-saƙi har farin nono ya sauko. Na biyu shi ne wankan farko. A shafe yaro da manja, a dirje shi da soso da ruwan zafi, a miƙe masa hannu da ƙafa, a cilla shi sama a cafe don kada ya tashi matsoraci. Takan ce yaron da ba a yi wa wannan wanka da kyau ba zai yi wari har tsufansa. Ita ta yi wa 'ya'yan kowa, kuma tun ranar aurena take ɗokin ranar da za ta yi wa nawa.

Na kai wa Babanku maganar Sista. Ya saurara yana goge katako, don shi mutum ne da ba ya katse magana, sannan ya ce:

"To ki gaya mata tun kafin ranar. A hankali, ku biyu kawai."

"Zan gaya mata."

Ban gaya mata ba. Mama ta iso kwana goma kafin haihuwa, da rabin buhun acca a ka, da daddawa, da kwalbar manja, da kaji biyu da suka yi wa fasinjoji ɓarna tun daga ƙauye, da ƙoƙon nan a ƙulle a bakin zane. Kullum da safe sai in ce yau zan faɗa. Sai in gan ta tana share ɗaki tana waƙar zumuntar matan coci da yarenmu, tana yi wa cikina magana tana ce masa ya yi sauri ita tana da gona, sai bakina ya mutu. Ni da ba na tsoron kowa a unguwar layin dogo, na kasa furta magana ɗaya a gaban tsohuwar da ko kafaɗata ba ta kai ba. Tsoro ne kawai, ba wani suna da zan ba shi.

Naƙuda ta zo ranar wata Alhamis da hantsi, farkon damina, ana ruwa kamar da bakin ƙwarya. Babanku ya fita neman motar da za ta kai ni wurin Sista, amma Ishaya bai jira kowa ba, kamar yadda har yau ba ya jiran a gama addu'ar abinci. A ɗakin akwai Mama, da wasu mata biyu 'yan ƙauyenmu da suke aure a Kafanchan, da maƙwabciyarmu Hajiya Uwani mai sayar da hatsi a kasuwa, wadda ta riƙe mini kafaɗu. Waɗancan suna kiran Yesu, ita tana salati, ni kuwa ina zagin Babanku. Kafin a jima yaro ya faɗo yana tsala ihu. Mama ta yanke cibiya, ta naɗe shi, ta sa a ɗora ruwan wanka a murhu, sannan ta kwance bakin zanenta ta fito da ƙoƙo. Hausar Mama ba ta san mace da namiji ba, kowa "kai" ne a wurinta.

"Saratu, kawo nono mu tatse dattin."

"Mama, ba ni shi tukuna in gan shi."

Ta miƙo mini shi tana murmushi. Ban ko dubi fuskarsa ba, na manna shi a ƙirji. Shi kuma ya cafke kamar dama wata tara abin da yake jira ke nan.

"Kai! Cire shi! Kana so ka kashe yaro?"

"Ba zai mutu ba, Mama. Wannan shi ne maganinsa."

"Wa ya gaya maka?"

"Sista."

"Sista ya haifi nawa? Ni na fara karɓan yara tun ba a haifi Sista naka ba."

Da na yi shiru a nan, da ta yi faɗanta ta huce kafin ruwan wanka ya tafasa. Amma na gaji, ga matan nan sun zuba mini ido, sai bakina ya riga hankalina.

"Mama, zubarwar nan da kuke yi ita take kashe yara. Aikin duhun kai ne, an daina."

Hajiya Uwani ta mintsine ni a kafaɗa har sai da wurin ya yi kwana uku yana ciwo. Mama ba ta ɗaga murya ba, kuma wannan ya fi ba ni tsoro. Ta tsaya har mabiyiya ta fita, ta danna mini ciki, ta duba ta tabbata jini ya tsaya, don ko a cikin fushi ba ta barin aiki rabi. Sannan ta wanke hannu, ta sauke ruwan wankan daga murhu da kanta, ta mayar da ƙoƙonta bakin zane. Ruwan sama yana tsagaitawa ta fita. Accar da kajin da manjan duk ta bar mini.

A bakin ƙofa ta yi karo da Babanku, ya dawo sharkaf ba mota. Ya bi ta har tasha yana roƙo, ya durƙusa a cikin taɓo a gaban 'yan kamasho, ta ce masa ya tashi, shi ɗan kirki ne, ya je ya ga ɗansa. Da ya dawo mutanen gida suka yi masa caa da tambaya, sai ya ce ai shi ne ya yi wa surukarsa alkawarin akuya bai cika ba, har magana ta yi zafi. Ƙarya ce tsagwaronta, ya ƙirƙira ta a tsaye don ya rufa mana asiri ni da uwata, ya kuma riƙe ta har ya mutu. Wannan ita ce ƙaryar da kuka gada.

Hajiya Uwani ce ta yi wa Ishaya wankan farko, ita ce kuma ta tsaya mini kwana arba'in, da kunun kanwa da ruwan zafi, kamar ƙanwarta. Ba ta ɓoye mini ra'ayinta ba.

"Ko gaskiyarki ce ko ba gaskiyarki ba, ni ban sani ba, mu ma zubarwa muke yi. Amma uwa ba a yi mata haka a gaban mutane, Saratu."

Na ce a raina bari in koma aiki, can ne za a yaba mini. Na ba Sista Talatu labari tiryan-tiryan ina jiran ta tafa mini. Sai ta cire tabarau ta ajiye.

"Nonon kin yi daidai. Bakin ne kika yi kuskure. Na ce miki a ba yaro dakashi, yaushe na ce miki mamanki ta kashe yara?"

Wata bakwai Mama ba ta yi mini magana ba. Matan nan biyu sun kai labari ƙauye tun kafin cibiyar Ishaya ta faɗi, kuma ba labarin akuya suka kai ba. Aka fara cewa ko 'yar da ta haifa ba ta yarda da hannunta ba. Wasu gidajen da ta karɓi haihuwar uba da ɗa suka daina aiko mata. Na aika da sabulu, ya dawo. Na aika da turmin zane, ya dawo ko ninkinsa ba a warware ba. Babanku ya je sau biyu. Ta yanka masa kaza, ta tambaye shi aiki, ta tambaye shi ruwan sama, ta tambayi lafiyar Hajiya Uwani, amma ko da wasa ba ta tambayi yaro ba. Aka miƙa Ishaya ga Allah a coci ba ta zo ba, ina tsaye a gaban jama'a ina murmushi ina leƙen ƙofa. Shi kuwa yana ta girma abinsa. Ba zan ce muku bai taɓa ciwo ba, ya yi mura, ya yi zawo sau ɗaya da ya fara kai komai baki, ya warke. Amma cinyoyinsa sun yi ninki uku-uku, mata a kasuwa suna tambayata me nake ba shi. Sai in ji daɗi, in dawo gida in zauna ina ba shi nono ina kuka. Ban yi nadamar abin da na ba ɗana ba ko sau ɗaya. Uwata nake kewa, kuma na san ni na jawo mata raini a garin da ake tashi tsaye in ta shigo.

Da aka fara girbin acca na ce wa Babanku na gaji da aike, da ƙafata zan je. Na goya Ishaya muka hau motar Kachia. Iskar hanya ta tayar masa da mura, kafin mu sauka hancinsa ya toshe. Na tarar da Mama a tsakar gida da rana tsaka tana surfen acca. Na durƙusa har ƙasa na gaishe ta.

"Sannu da zuwa, baƙi daga birni," in ji ta, ba ta daina daka ba.

Ta sa aka kawo mini ruwa kamar yadda ake yi wa kowane baƙo. Na shimfiɗa tabarma kusa da turmin, na kwance Ishaya na zaunar da shi. Majina ta sauko masa har leɓe, yana numfashi da baki yana ƙananan kuka. A nan zan faɗa muku gaskiya: da gangan na ƙi share masa. Na san uwata. Za ta iya jure yunwa, za ta iya jure wata bakwai ba magana, amma ba ta iya ganin yaro da majina ta ƙyale. Ta daka, ta saci kallonsa. Ta sake dakawa, ta yi tsaki. Ni kuwa na ƙura wa wata kaza ido kamar ban taɓa ganin kaza ba. Can sai ta jingine taɓarya da ƙarfi.

"Kai wane irin uwa ne? Yaro ba ya numfashi, ka zauna kana kallon kaji!"

Ta sure shi, ta kafa baki a hancinsa ta zuƙe, ta tofar gefe, ta goge masa fuska da bakin zane. Da Sista ta gani da ta yi faɗa, amma ni na riga na koyi rufe baki. Ishaya ya ja numfashi mai tsawo, ya dubi tsohuwar da bai taɓa gani ba, ya kama mata leɓen ƙasa ya ja, ya ƙyalƙyale da dariya. Ta ɗaga shi ta sauke tana auna nauyinsa.

"Wannan yaro ne ko buhun citta?"

Ba ta mayar da shi tabarma ba. Ta saɓa shi a kafaɗa ta nufi inuwar bayan rumbu, ta yi mini alama da ka in biyo ta. Muka zauna a kan wani gungume.

"Gaya mini abin da Sista naka ya ce. Duka. Ba da ihu ba."

Na fara daga inda aka fara mini, na ce ta shafa cikin kumatunta da harshe. Ta harare ni, amma ta yi, kumatun ya kumburo kamar ta ɓoye goro. Na gaya mata na majina da hawaye da masu sharar maƙogwaro, ta ce to wannan kam da hankali a ciki. Da na zo kan hanjin jariri da maganar yaɓe sai ta ɗaga kai ta dubi rumbunta, wanda take yaɓewa da hannunta duk shekara kafin ruwa ya sauka. Na gama, tana ta shafa bayan Ishaya. Da ta buɗe baki da yarenmu ta fara, sannan ta koma Hausa, ina jin don ta fi iya riƙe kanta a cikinta.

"Kafin kai akwai biyu. Maza. Ba su kai ranar suna ba. Zawo. Na tatse, na zubar a nan wurin, kwana uku-uku, yadda uwana ya koya mini. Ban yi kuskure ko ɗaya ba." Ta nuna ƙasa da haɓa. "Ranar da ka faɗi maganan nan, ba matan nan na ji kunya ba. Su biyun nan na gani."

Na san ana cewa ni ce ta fari da ta zauna, amma ba wanda ya taɓa gaya mini yadda aka yi. Wata bakwai ina zaton girman kai ne ya hana ta zuwa. Na sauko daga gungumen na riƙe ƙafarta.

"Mama, ban san abin da ya ɗauke su ba. Sista ma ba za ta rantse ta ce ga shi ba. Abin da aka ba ki shi kika ba mu, da zuciya ɗaya. Ki gafarta mini bakina."

Sai na ji kafaɗarta tana rawa. Na ɗauka kuka take yi, na ɗago, ashe dariya ce take neman ƙwace mata.

"Kai kuma a gonan citta na haife ka. Ni kaɗai. Ba ƙoƙo, ba ruwa, ba kowa. Kana ihu kamar akuya a kasuwa. Na ce bari in toshe bakin nan kafin mutane su zo. Ka sha, ka sha, har ka yi barci. Ban gaya wa kowa ba, ko babanka. Shekara ashirin da uku ina jira in ga abin da zai same ka. Da ka buɗe baki a Kafanchan na ce to, ga shi nan, dattin ya hau kai."

Muka yi dariya har na faɗi zaune a ƙasa, har Ishaya ya tsorata ya fara kuka. Hawaye yana zuba mata, ni ma haka, ba mai iya cewa na dariya ne ko na wani abu. Ta share da bayan hannu ta ce a hankali:

"Ashe wanda na yi wa kuskure shi ne ya zauna."

Sai ta miƙe kamar ba ita ba, ta gyara ɗaurin zane.

"Hura wuta. Kawo manja da soso."

"Mama, watansa bakwai fa. An yi masa wanka ya fi sau ɗari."

"Wa ya yi?"

"Hajiya Uwani, da ni."

"Jiƙa shi kuka yi."

Ba a taɓa wankan jariri irin wannan a ƙauyenmu ba. Kwanon wankan da ya ɗauki rabin garin ya ƙi ɗaukar Ishaya, ƙafafu a waje, hannu a waje. Ta shafe shi da manja ya koma ja wur, yana zillo yana tsala ihun da ya tara mata maƙwabta a bakin danga, har da masu dawowa daga gona da kaya a ka. Ta miƙe masa hannu, ya ƙwace. Ta zo cilla shi sama, ya tashi kamar taƙi ɗaya ya dawo, ta ce wash, bayanta. Matan suna ta dariya, cikinsu har da waɗanda suka daina aiko mata. Ba ta kore su ba. Ta ɗaga shi da santsinsa yadda kowa zai gani.

"Kun ga wannan? Dakashi ya sha. Uwansa ma shi ya sha, ni na ba shi da hannuna a gona, yau na faɗa." Ta juya wurin wata mai tsohon ciki a cikinsu. "Kai Ladi, in naka ya zo ka kira ni. Amma ka bar tururuwa ya yi harkansa."

Mama ta zauna ta kwantar da shi a cinya don ɗauraya, ni ina tsugune ina miƙa mata ruwa. Ta zuba masa na farko a ka, na ji ta kira wani suna ƙasa-ƙasa da yarenmu, sunan namiji da ban taɓa ji a gidanmu ba. Ta zuba na biyu, ta kira wani. A na uku ne ta ce Ishaya. Sannan ta ɗago ta harare ni.

"Za ka tsaya kana kuka ne, ko za ka kawo zane yaro yana jin sanyi?"